Na yi rangwame, oda ta yi yawa, amma kuɗin bai zauna ba

Assalamu alaikum Anti. Ina da ɗan shago a intanet inda nake sayar da kayan saƙar hannu, jakunkuna da kayan jarirai na kwarashi. Ni nake saƙawa, akwai wata baiwar Allah da take taya ni ina biyanta, ƙanwata kuma ita ke riƙe da shafukan talla da amsa saƙonni. Kwanakin baya ciniki ya yi sanyi, sai ƙanwar tawa ta kawo shawara mu fitar da lambar rangwame, wato lambar da mai saye zai shigar a rage masa kuɗi, ta kashi 30 cikin 100, mu kuma ɗauke wa masu saye kuɗin aike, na mako guda. Anti, oda ta yi ta shigowa har muka rasa inda za mu sa kanmu. Muka yi ta saƙa dare da rana har yatsuna suka kumbura. Amma da na biya kuɗin zare da kwali da aike da mai taya ni, sai na ga abin da ya rage bai kai na watan da ba a yi rangwame ba. Tun daga nan ciniki ya tsaya cak, kowa sai tambaya yake yaushe za a sake. Wata tsohuwar kwastomata da ta sayi jaka ana jibi za a fara rangwamen ta turo mini cewa ba ta ji daɗi ba. Yanzu ƙanwata ta samo wani shafi mai tallata takardun rangwame, suna so mu rage rabin farashi, su kuma su ɗauki rabin abin da aka biya. Ta ce kowa haka yake yi, in ban yarda ba babu ranar da za a san mu. Mun fara samun saɓani, har ta ce tsoro ne ke hana ni girma. Na rasa gane ko ita ce da gaskiya. Yaya zan yi rangwamen da ba zai karya ni ba?

Daga wata mai saƙa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da aiki, sannu kuma da haƙuri. Na karanta wasiƙarki na ji zafin abin, don babu abin da ke karya gwiwar mai sana'ar hannu irin ta kwana tana aiki, gari ya waye ta ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kafin komai ina so ki cire wa ranki maganar tsoro. Wadda ta ɗanɗana asara sau ɗaya ta tsaya tana tambaya kafin ta sake, hankalinta ne ke aiki. Abin da ya same ki ba rashin sa'a ba ne, lissafi ne ya kama ki, kuma lissafi yana gyaruwa in aka zauna da biro da takarda.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne auna rangwame da farashi. Mai saye haka yake gani, kuma daidai ne a wajensa: jakar 100 ta koma 70, an rage masa 30. Amma ke wannan 30 ɗin ba daga farashi take fita ba, daga ribarki take fita, domin mai zare ba zai rage miki komai ba don kin yi rangwame, haka mai kwali, haka mai kai kaya. Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, ke sai ki musanya da naki na gaskiya, ko da wane irin kuɗi kike ciniki. A ce jakarki 100 ce. Zare da zif da shafin ciki sun ci 30, kwali da leda da takardar suna sun ci 5, ladan hannun da ya saƙa ta 25, kasuwar intanet da kamfanin karɓar kuɗi kuma suna cire kashi 10 cikin 100 na abin da aka biya, wato 10. Jimla 70, riba 30. To da kika rage 30, mai saye ya biya 70, aka cire la'ada 7, sauran kuɗaɗen nan 60 suna nan ba su motsa ba, abin da ya rage miki 3 kacal. Sai kuma kika ɗauki kuɗin aike a kanki, a ce 10. Kowace jaka da ta fita a makon nan ta tafi da 7 daga aljihunki. Shi ya sa yawan odar bai taimake ki ba, kowace sabuwar oda ƙara zurfin ramin take yi.

Na san abin da ya ɓoye miki wannan asarar. Yawancin masu sana'ar hannu ba sa rubuta ladan hannunsu a cikin kuɗin da kaya ya ci. In suka cire kuɗin zare da kwali, duk abin da ya rage sai su kira shi riba. Da wannan lissafin, a makon rangwame za ki ga kamar kina samun 18 a kowace jaka, alhali ko ladan aikinki na 25 bai cika ba. Ki dubi mai taya ki: ita kina biyanta, kuma ba za ki taɓa cewa kuɗinta riba ba ne. Awannin da ke kika zauna kina saƙa ma haka suke. Ki auna awa nawa jaka ɗaya ke ci tun daga ɗaura zare har ɗinke baki, ki sa wa awa kuɗin da za ki biya wata in ita ta yi, ki rubuta shi a layi ɗaya da kuɗin zare. Ki kuma duba la'adar da ake cire miki da kyau, don takan fi yadda ake zato. Misali kasuwar Etsy, wadda aka kafa a 2005 don masu kayan hannu, tun watan Afrilun 2022 take cire kashi 6.5 cikin 100 na kowane ciniki har da kuɗin aiken da mai saye ya biya, ga senti 20 na dalar Amurka na kafa kowane kaya, ga kuɗin karɓar biya daban, in kuma cinikin ya zo ta tallan da suka yi miki a waje, ƙaramin shago yana biyan ƙarin kashi 15. Ko ba a can kike ba, inda kike akwai irin nasu yanke-yanken.

In kin haɗa waɗannan duka, za ki samu lamba ɗaya da nake so ki rubuta ki manna a inda kike aiki: mafi ƙarancin kuɗin da kaya zai bar hannunki ba tare da kin faɗi ba. A misalinmu kusan 67 ne, wato duk rangwamen da ya wuce kashi 33 asara ce tsagwaronta, tun ma ba a zo maganar aike ba. Sannan akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan muhimmanci: kaya nawa za ki ƙara sayarwa kafin ki koma ribar da kike samu ba tare da rangwame ba? Jaka 10 a cikakken farashi suna kawo riba 300. In kin rage kashi 10, ribar kowace jaka ta koma 21, sai kin sayar da kusan 15 kafin ki cim ma 300. In kashi 20 ne, ribar ta koma 12, sai jaka 25. In kashi 30 ne, sai jaka 100. Ki lura rangwamen taku ɗaya ɗaya yake hawa, amma yawan kayan da ake buƙata tsalle yake yi.

A nan ne sana'arki ta bambanta da ta manyan kantuna, kuma a nan nake ganin ƙanwarki ba ta duba ba da ta ce kowa haka yake yi. Kamfanin da ke buga jaka da inji, jaka ta dubu ta fi ta farko sauƙin kuɗi a wajensa, kuma gobe in ya ga dama ya ninka abin da yake fitarwa. Ke jaka ta goma tana cin awannin da ta farko ta ci, in ma ba ta fi ba saboda gajiya. Hannu huɗu gare ku. In a wata kuna iya saƙa jaka 40, kuma 25 suna fita a cikakken farashi, to gurbin jaka 15 kawai kike da shi na rangwame. Duk odar rangwame da ta haura wannan, ko dai ta ture mai saye da cikakken kuɗi, ko ta ci barcinki, ko ta sa aiki ya fita da gaggawa babu kyau, sunan da kika daɗe kina ginawa ya taɓu. A 2011 wata mai gasa ƙananan kek a Ingila ta shiga tsarin wani shafi mai tallata takardun rangwame, irin wanda ƙanwarki ta samo, da rangwamen kashi 75 ba tare da ta ƙayyade yawan masu saye yadda ya kamata ba. Mutum 8,500 suka saya, ta wayi gari da bashin kek 102,000 a kanta, dole ta ɗauko ma'aikatan haya, ta ƙare da asara mai yawa. Kayanta ba su da aibu, mutane ma son su suke yi. Rashin iyaka ne ya kayar da ita.

Game da shafin da ƙanwarki ta samo, ra'ayina a fili yake: kada ki shiga a kan waɗannan sharuɗɗan. Tsarin ba sabo ba ne, kamfanin Groupon da aka fara a Chicago ta Amurka a 2008 shi ya yaɗa shi: a rage rabin farashi, shafin ya ɗauki wajen rabin abin da aka biya, mai kaya ya tashi da rubu'i. A misalinmu mai saye ya biya 50, shafin ya ɗauki 25, ke kin karɓi 25, alhali zare da zif kaɗai sun ci 30. Asarar 35 ke nan a kowace jaka. Hujjar da ake kawowa ita ce masu sayen za su dawo su saya da cikakken kuɗi. To mu gwada. Mutum biyar sun saya da takardar rangwame, kin yi asarar 175. In ɗaya daga cikinsu ya dawo, ribar 30 ya kawo. Ko dukansu biyar suka dawo sau ɗaya ɗaya, 150 ne, ba a cike ramin ba. Wani malamin kasuwanci a Jami'ar Rice ta Amurka, Utpal Dholakia, ya tambayi 'yan kasuwa 150 da suka yi irin wannan a 2010. Kashi 66 cikin 100 suka ce sun ci riba, kashi 32 suka ce sun faɗi, kashi 42 kuma suka ce ba za su sake ba. Na kawo miki har da waɗanda suka ci riba don adalci, tsarin yana yi wa wasu aiki. Amma ya fi dacewa da mai gidan abincin da ke da kujerar da ba kowa a kai, ko mai otal ɗin da ke da ɗakin da zai kwana a rufe, wanda ƙarin mutum ɗaya ba ya ci masa komai. Ke kuwa kowace oda zare ne da awanni.

In har kuna son gwada shafin duk da haka, ku koma musu da naku sharuɗɗan: rangwamen da bai wuce abin da lissafinki ya ɗauka ba, la'adar da ta ragu sosai, adadin takardu da aka ƙayyade a rubuce, da kaya guda ɗaya da kika zaɓa mai saurin saƙawa da kaurin riba. Ku tambayi yaushe za su biya ku, don wasu sai bayan kin kai kaya suke sakin kuɗi, kin ga da jarinki za ki yi aikin. In suka ƙi, ba ki rasa komai ba.

Yanzu mu zo ga yadda ake rangwame mai amfani, don ba na ce ki rufe ƙofarsa ba. Kafin ki fitar da kowace lamba, ki tambayi kanki me kike saye da wannan kuɗin da za ki bari. Kina so wadda ta saya sau ɗaya ta dawo? Kina so mai sayen abu ɗaya ya ɗauki biyu? Kina so ki kwashe kwantai? Kowanne da irin tsarinsa. Rangwamen da kika yi bai zaɓi ko ɗaya ba, an watsa shi ga kowa, har da waɗanda dama za su saya da cikakken kuɗi a makon nan ko na gaba. Wannan na daga cikin dalilin da ciniki ya tsaya bayansa: wani ɓangare na cinikin watan gobe ne kika jawo kika sayar da araha.

Wanda na fi so miki shi ne na godiya. Ki sa ƙaramar takarda a cikin kwalin duk wanda ya saya da cikakken farashi, da lambar da za ta rage masa kashi 10 a saye na gaba, da wa'adi, a ce kwana 45. Amfaninsa, sai wanda ya riga ya ba ki cikakkiyar riba ne ke samunsa, kuma mutum ne da ya taɓa kayanki da hannunsa ya san ingancinsu. Ba ki biya kowa kuɗin talla ba, ba ki kuma zubar da farashinki a bainar jama'a ba. Na biyu shi ne rage ƙayyadadden kuɗi ga wanda sayayyarsa ta kai wani mataki. In yawancin masu saye a 100 suke tsayawa, ki ce duk wanda ya sayi kayan 150 ko fiye za a rage masa 15. Ya biya 135, an cire la'ada 13.5, kayan sun ci wajen 90, ribarki ta haura 31, ta ɗara ta jaka ɗaya, ga ladan ƙarin aikin an biya ki, kwali ɗaya, aike ɗaya. Kyawun ƙayyadadden kuɗi shi ne kin san iyakar abin da za ki bari a kowace oda, saɓanin kashi cikin ɗari da ke girma tare da girman sayayya. Haka ma aike kyauta, ki ɗaura shi da irin wannan matakin, kuma kada ki haɗa shi da wani rangwamen a oda ɗaya. Haɗa biyun nan ne ya mayar da 'yar ribarki ta 3 asarar 7.

Akwai kuma gyara, wadda ga mai kayan hannu sau da yawa ta fi rangwame. Ragowar zaren da ke taruwa miki, ki saƙa ƙaramar jakar maɓalli ko ɗan takalmin jariri da shi. Abu ne da za ki sayar 15, amma ke bai ci miki fiye da 5 ba. Mai saye yana ganin ya samu 15, ke 5 ta fita, farashin jakarki kuma yana nan 100 a idon kowa. Kwantai kuwa hukuncinsa daban. Jakar da ta yi watanni a ajiye, launinta ya daina tafiya, kuɗinta ya riga ya fita daga hannunki, duk abin da ta dawo da shi zai sayi sabon zare. A nan kina iya rage kashi 30 ko fiye, ki faɗa a fili cewa ragowar kaya ne kuma in sun ƙare sun ƙare. Abin da ba na so ki taɓa yi wa rangwame shi ne aikin da aka ba ki oda ta musamman, mai suna ko launi ko girma na mutum ɗaya. Shi ya fi cin lokaci, kuma in mai shi ya fasa babu wanda zai saya.

Kowace lamba da za ki fitar, ki rubuta mata sharuɗɗanta tun kafin ta fita: ranar farawa da ranar ƙarewa, mutum nawa za su iya amfani da ita gaba ɗaya, sau ɗaya ga kowane mutum, kayan da ta shafa da waɗanda ba ta shafa ba, da kwana nawa za a jira kafin kaya ya iso. Adadin ya fito daga gurbin da hannunku ke da shi, kamar jaka 15 ɗin da muka ambata. Ki kuma ba kowace hanya lambarta daban, ta Instagram daban, ta cikin kwali daban, ta wanda ya tallata miki daban. Ta haka bayan wata biyu za ki san wacce ta kawo sababbin mutane, wacce kuma tsofaffin kwastomominki kawai ta rage wa kuɗi.

Akwai wata dabara da za a iya kawo miki, ina roƙonki ki guje ta: a ɗaga farashi yau a ce an rage gobe. Yaudara ce, kuma kwastomomin da suka san farashinki za su gane. A ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ce tun watan Mayun 2022 cewa duk mai shelar rangwame sai ya auna shi da mafi ƙarancin farashin da ya sayar a kwana 30 da suka wuce. Amma in lissafin da kika yi ya nuna farashinki na asali ya yi ƙasa, wanda nake kyautata zaton haka ne tun da ladan hannunki bai shiga ba, to ki ɗaga shi da gaske, ki bar shi ya zauna, mutane su saya a haka na tsawon lokaci, sannan in rangwame ya zo ya zama na gaskiya.

Tsohuwar kwastomar nan kuwa, tana da gaskiya, kuma ki gode da ta yi magana, don da yawa shiru suke yi su tafi. Ba kuɗin ne kawai ya dame ta ba, ta ji kamar an fifita baƙo a kanta. Ki rubuta mata da kanki, kada ki bar wa ƙanwarki wannan, ki ce kin fahimci abin da ta ji, ki ba ta zaɓi tsakanin a rage mata bambancin a saye na gaba ko ki aika mata da wata kyauta. Abin da zai ci miki kaɗan ne in aka kwatanta da abin da take kawowa a shekara da waɗanda take turo miki. Nan gaba kuma duk wani rangwame, tsofaffin kwastomomi su fara ji kwana ɗaya ko biyu kafin kowa. Mai taya ki ma kada a manta da ita: in makon nan ta yi aiki fiye da ƙa'ida, a biya ta ƙarin, kuma kada a taɓa rage ladanta don a cike giɓin rangwamen da ba ita ta yanke ba.

Sai ƙanwarki. Ina so ki kalle ta da idon rahama, domin damuwarta gaskiya ce. Ita ke zaune gaban waya tana ganin rana ta wuce babu saƙo, tana ganin wasu shaguna na shelar rangwame mutane na tururuwa, kuma a makon nan ta ga shawararta ta cika shago da oda. A idonta an yi nasara, domin ita oda take ƙirgawa, ke ce kike ƙirga abin da ya rage. Kada ki ce mata ta ja miki asara, tare kuka yanke. Ki zaunar da ita lokacin da rai ya kwanta, ki ɗauko rasitan makon nan, ki ba ta biron ita ta yi lissafin jaka ɗaya da hannunta tun daga zare har aike. Ina da yaƙinin in ta ga lambar da kanta, gardamar za ta sauya. Sannan ki ba ta filin da za ta yi aiki: ki ware wani adadi a kowane wata uku, a ce kashi 5 cikin 100 na cinikinku, ki ce wannan kuɗin jawo sababbin kwastomomi ne, ita ke da ikon tsara shi, ko rangwame, ko gyara, ko biyan talla, ko aika wa wata mai mabiya jaka ɗaya ta nuna, da sharaɗin ba za a wuce shi ba kuma babu kayan da zai fita ƙasa da lambar nan da kika manna. In kuma har yanzu ba a tsayar da abin da take samu a wannan aikin ba, ku tsayar, kuma ya fi kyau rabonta ya fito daga riba maimakon yawan oda, don idonku ya koma kan abu ɗaya.

Masu tambayar yaushe za a sake rangwame su ne abin da ya fi buƙatar haƙurinki a makonnin nan. Mutane suna saurin sabawa, kuma yaye su yana da wuya. Kantin J.C. Penney na Amurka ya shekara da shekaru yana saba wa jama'a da takardun rangwame. A 2012 sabon shugabansa Ron Johnson, wanda ya zo daga kamfanin Apple, ya soke su ya ce za a koma farashi ɗaya madaidaici. Ciniki ya faɗi da wajen kashi 25 cikin 100 a shekarar, aka sallame shi a watan Afrilun 2013, aka dawo da rangwamen. Ke sau ɗaya kawai kika yi, ba a kai ga sabo ba, amma in kika sake a watan nan don ciniki ya yi sanyi, kin koya musu cewa jira yana biya. Ki bar aƙalla wata uku kafin wani rangwame na kowa da kowa, kuma kada ya zama yana da ranar da aka sani. A wannan tsakanin ƙanwarki ta riƙa nuna aikin kansa: hannu yana saƙa, awannin da jaka ke ci, hotunan waɗanda suka saya in sun yarda. Wanda ya tambaya, amsa ɗaya za ku riƙa bayarwa cikin fara'a, cewa babu wani rangwame da aka shirya a yanzu, farashin jaka kaza ne, tana ɗaukar kwana kaza a saƙa, kuma duk wanda ya saya zai tarar da lambar godiya a cikin kwalinsa. Wasu za su tafi, ki bar su. In bayan wata biyu ciniki a cikakken farashi bai farfaɗo ba, to matsalar ba ta rangwame ba ce, sai a duba hotunan kayan, da irin mutanen da tallan ke isa gare su, da ko lokaci ya yi da za a sauya samfuri. Ki sake rubuto mini a lokacin da ainihin lambobinki, mu duba tare. Allah ya sa albarka a sana'arki, ya daidaita tsakaninki da 'yar'uwarki.